Tsofaffin kekunan tsere a Yamai: tambayoyin da aka fi yi mini da amsoshinsu

Duk wanda ya shigo zaurena ya ga kekuna rataye a bango, tambayarsa ta farko ita ce ko na sayarwa ne. Idan na ce a'a, sai sauran tambayoyi su biyo baya. Wasu a fada ake yi mini su wajen shayi, wasu ta waya. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su yadda nake amsawa da baki.

Wane keke ne ake kira tsohon keken tsere? Ba irin Raleigh ɗin kakanninmu ba ne?

A'a. Raleigh ɗin da muka taso muka gani, mai burkin sanda da kariya a baya, jakin ƙarfe ne, an ƙera shi don ɗaukar buhun hatsi da mutum biyu. Wanda nake magana a kai siriri ne, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsa ba sosai, ƴan sandunan canja giya kuma suna maƙale a jikin bututun da ya gangaro daga wuyan keken. Mai kyau a cikinsu, ko da yake na ƙarfe ne, nauyinsa wajen kilo 10 ne. Da hannu ɗaya za ka ɗaga shi.

Kamfanin Raleigh na Nottingham ya yi irin waɗannan ma. A kan kekensa Joop Zoetemelk ya ci Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a 1980.

Game da shekaru, masu tara kekuna sun fi bin iyakar da aka sa a L'Eroica, taron hawan tsofaffin kekuna da aka fara a 1997 a garin Gaiole na Italiya: keken da aka ƙera a 1987 ko kafin nan. Iyakar tana da dalili. A 1984 kamfanin Look ya fito da feda mai kama takalmi ba tare da maɗauri ba, Shimano kuma ya kawo giya mai shiga daki-daki da ƙara, sannan a 1990 canjin giya ya koma jikin hannun burki. Daga nan kekunan suka sake kama.

Ina ake samunsu a nan?

Cikin kayan gwanjo na Turai da ke zuwa ta tashoshin jiragen ruwa irin na Lome, a cakuɗe da firji da katifu da kekunan yara. Ka zaga Katako, ka leƙa wajen masu sayar da kekuna na hannu a bakin titi. Amma inda na fi dacewa shi ne rumfunan masu gyara. Can bayan rumfa akwai tulin da ba mai tambaya, domin mai neman keken zuwa lakkol ko kasuwa ba ya son siririyar taya. Akwai kuma waɗanda suka daɗe a gidaje, maigida ya saya wajen wani Bature da zai koma ƙasarsu, ya hau shekara biyu ya jingine.

Ka yi abota da mai gyara guda ɗaya, ka nuna masa hoton abin da kake nema, ka riƙa ba shi la'adarsa ba tare da ja-in-ja ba. Ya fi ka sanin abin da ya shigo gari.

Na ga an rubuta Peugeot a jiki. Ke nan na dace?

Nan ne kowa ke faɗawa, har da ni. Keken farko da na saya fari ne, da zakin Peugeot a goshinsa. Na tura shi gida ina ji kamar na tsinci dami a kala, domin na karanta cewa Bernard Thévenet ya ci Tour de France a 1975 da 1977 a kan Peugeot, Eddy Merckx ma ya yi wa ƙungiyarsu tsere a 1966 da 1967. Da na wanke ƙurar sai ga ƴar takarda a bututu an rubuta Carbolite 103. Ƙarfen kekunansu na gama-gari ke nan. Na ɗora shi a sikelin mai sayar da gawayi, ya haura kilo 13.

Manyan kamfanonin Faransa, wato Peugeot da Gitane da Motobécane da Mercier, kowannensu ya yi kekuna hawa-hawa. A sama akwai ƴan kaɗan na ainihin tsere, irin PX-10 na Peugeot. A ƙasa akwai dubbai da aka yi wa fenti iri ɗaya don yaro ya ji kamar shi ne Bernard Hinault, wanda ya ci Tour sau huɗu a kan Gitane kafin ya ƙara na biyar a 1985 da wata ƙungiya. Mafi yawan abin da ke iso mu na ƙasan ne. Ba laifi ba ne a hau su, suna da ƙarko. Laifin a biya kuɗin doki a tafi da jaki.

Haka Bianchi na Italiya, mai launin nan tsakanin shuɗi da kore. Kamfani ne tun 1885, sunansa babba, amma shi ma yana da na sama da na ƙasa.

To ta yaya zan bambance na ƙwarai?

Ka manta da sunan da ke jiki, ka karanta gangar jikin, wadda masu gyara ke cewa kadar. Ita kake saye. Sauran kaya ana iya canjawa.

Fara da takardar da ke manne a bututun da sirdi ke shiga. Idan ka ga Reynolds 531, wannan ƙarfen Birmingham ne na Ingila, an fara yin sa a 1935, kuma shekaru da dama shi ne ma'aunin keken tsere. Ka lura da rubutun: a kekunan Faransa, in an sa "3 tubes renforcés", manyan bututu uku ne kawai na 531, sauran ƙarfe ne na daban. Idan ka ga farar kurciya, Columbus ne na Milan, galibi da haruffa SL ko SP ko SLX. Akwai Vitus na Faransa, da Tange da Ishiwata na Japan, duka na kirki.

Abin da ya sa waɗannan bututu suka fita daban shi ne kaurinsu ba ɗaya ba ne daga baki zuwa baki. Bakin da ake haɗawa ya fi kauri, tsakiya kuma sirara ce. A Columbus SL, baki milimita 0.9 ne, tsakiya 0.6. Ka ƙwanƙwasa tsakiyar da farce, za ka ji ƙara siririya mai daɗewa, ba irin "dum" ɗin bututun ruwa ba.

Takarda tana ɓarewa, kuma ana iya manna ta ƙarya. Saboda haka sai ka durƙusa ka dubi inda ƙafar baya ke shiga. A keke mai daraja wurin ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera, da kunnen da ake ɗaura na'urar giya a jikinsa, sau da yawa da sunan kamfanin kayan keke irin Campagnolo ko Simplex ko Huret a buge, wani lokaci da ƴan ƙananan kusoshi biyu na daidaita ƙafa. A na gama-gari falle ne da aka datse da inji, na'urar giyar kuma an maƙala ta da wani ƙarfe daban.

Sai sandar sirdi. Bututu mai siraran bango raminsa ya fi faɗi, don haka sandar da ke shiga ta fi kauri. Milimita 27.2 alama ce mai kyau a kekunan Italiya da Ingila. A na Faransa 26.4 ko 26.6 ita ce mai kyau. In ka ga 25.4 ko ƙasa da haka, bututun mai kauri ne. Galibi lambar na rubuce a jikin sandar.

Daga nan ka fito da ɗan maganaɗisu daga aljihu. Na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa. In ya kama gangar ƙafa, da ƙaho, da hannun feda, duk ƙarfe ne, keken na ƙasa ne. A na sama waɗannan sassa na alminiyom ne. Hannun feda da aka ƙulle da ƴar kusa mai ratsawa ta gefe, irin ta manyan kekunanmu, shi ma alamar na ƙasa ne in keken na shekarun 1970 ne zuwa sama.

Wane lahani ne zai sa in bar keke ko da an ba ni shi a araha?

Karo. Sa yatsa a ƙarƙashin bututu biyun da suka haɗu da wuyan keken, ka shafa. In ka ji ɗan tudu ko tattara, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa dukan wani abu da gaba. Ka tsaya a gefe ka dubi ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba: in sun ja baya, labarin ɗaya ne.

Ina yawo da zaren ɗinki saboda gwaji guda. Ɗaura shi a mashigar ƙafar baya ta dama, ka zagayo da shi ta wuyan keken, ka dawo ka ɗaure a ta hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi a ɓangarorin biyu. In ba su zo daidai ba, kadar ta karkace. Mai kaya zai yi maka dariya, ƴan kallo su taru. Bar su.

Sannan kada ka biya sai an kwance sandar sirdi da ta ƙaho a gabanka sun motsa. Alminiyom da ya shekara ashirin cikin ƙarfe ba giris yakan manne kamar an haife su tare. Na taɓa yin sati biyu ina ɗiga mai a kan wata, a ƙarshe sai da aka yanke ta da zarto.

Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ta ci rami, musamman a ƙasan kadar inda ruwa ke kwanciya, ita ce abin gudu. Tabon waldar lantarki kuwa, ko kyauta ne ka ce Allah ya amfana.

Nawa ya kamata in biya?

Ba farashi tsayayye. Mai kaya yakan yi kuɗi ne da sabuntar taya da ƙyallin fenti, shi ya sa za ka tarar da keken 531 mai ƙura ya fi sabon fentin banza araha. Kafin ka taya, lissafa abin da za ka kashe bayan saye: taya biyu, robar ciki, wayoyin burki da giya, robar burki, sarƙa. Sau da yawa wannan ya kai kuɗin keken ko ya fi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma kada ka tsaya kana shafa kurciyar Columbus kana murmushi a gaban mai kaya. Jika biyar ta ƙaru ke nan.

Me ya sa ake cewa keken Faransa akwai wahalar gyara?

Saboda Faransawa sun yi nasu awo daban, suka riƙe shi har wajen farkon shekarun 1980. Mazaunin da hannun feda ke juyawa a ciki, zarensa a Faransa milimita 35 ne, kuma kofunan ƙarfe biyu da ke rufe ɓangarorinsa duk dama ake murɗa su. A awon Ingila, wanda yawancin kayan da ke kasuwa yau ke bi, na ɓangaren sarƙa hagu ake murɗa shi. Italiya kuma milimita 36 ne. Sandar ƙaho a Faransa 22.0 ce, a sauran wurare 22.2. Zaren feda ma daban yake. Bambancin ƙanƙane ne har ido ba ya gani, shi ne kuma haɗarinsa, domin abin zai fara shiga kamar zai yi.

Haka aka yi mini da wani Gitane. Na bar shi wajen wani mai gyara na tafi sallar la'asar. Na dawo na same shi ya sa dogon bututu a kan sifana yana danna kofin awon Ingila cikin zaren Faransa, gumi na zuba. Na ce, "Maigida, tsaya!" Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai tsatsa ce, yanzu zai wuce." Ya wuce ɗin, ya tafi da zaren gaba ɗaya. Ban ga laifinsa sosai ba, shekara talatin yana gyaran kekuna bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Tun ranar nake zama a kan benci har a gama.

Dokar da nake bi: duk abin da bai shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu ba, ba nasa ba ne. Kuma kada ka yar da tsohon kofi ko noti na keken Faransa. Wanke shi da kananzir, canja boris, sa giris, mayar. Tsohon hannun feda na kamfanin Stronglight ma yana da abin cirewa nasa na milimita 23.35; na gama-gari mai 22 ba zai kama zaren ba.

Abu biyu na Faransa da nake canjawa ba tare da na ji ciwo ba: na'urar giya ta Simplex mai baƙar roba, wadda ke tsagewa in ta tsufa, da sandar ƙaho ta AVA, wadda aka san ta da karyewa.

Tayar da ke kasuwa za ta shiga?

Duba lambar da ke gefen taya, irin 25-622. Ta biyun ita ce faɗin ganga. Keken tsere galibi 622 ne, wanda ake kira 700. Wasu tsofaffin na Ingila da Amurka 630 ne, wato inci 27. Manyan kekunanmu na dako 635 ne. Ukun nan ba mai shiga wa wani, ko da mai shago ya rantse.

Wata matsalar ita ce tayar da ake mannawa da gam, wadda Faransawa ke kira boyau. Robar ciki a ɗinke take cikin tayar, gangar kuma ba ta da leɓe. Kekunan tsere na ainihi da ita suka zo. Mai faci na bakin titi ba zai iya mata komai ba, ga tsidau a ko'ina, ga zafin Afrilu da Mayu da ke sassauta gam. Ni nakan cire ƙafafun asali in rataye, in sa wasu na taya da roba don hawa. In wuri ya isa, ka sa taya mai faɗin milimita 28, ta fi haƙuri da ramuka da yashin da ke kwanciya a gefen kwalta.

In sake masa fenti?

Kada ka yi. Fentin asali da ƙujewarsa ya fi sabon feshi daraja a wurin duk wanda ya san keke, kuma da takardun jiki ake gane ko wane iri ne. Sabulu da ruwa, sai ɗan man goge mota. Inda tsatsa ta fito, goga a hankali ka shafa mai.

Idan kadar ta tsage, mai walda zai iya?

Waɗannan kekuna ba narka ƙarfen aka yi aka haɗa ba. An zura bututun cikin ƴan hannayen riga na ƙarfe, aka kwarara narkakkiyar tagulla ko azurfa a tsakani. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga huda bututun milimita 0.6 take yi nan take. In dole ne, nemi mai aiki da iskar gas da tagulla, irin masu gyaran firji da lagireto. Reynolds 753, wanda aka gasa shi da wuta tun a masana'anta, da azurfa kawai ake haɗa shi, har kamfanin ba ya sayar wa maƙeri sai ya ci jarrabawa. Vitus 979 kuwa, na alminiyom da ya fito a 1979, da gam aka haɗa shi. In ka ji mahaɗarsa na motsi, ya zama na ado.

Yaya zan san shekarar da aka yi shi?

Kayan jikinsa ne ke faɗa, in ba a canja su ba. Na'urar giyar baya ta Campagnolo ta shekarun 1970 tana da rubutu a sama, misali PATENT 74, shekarar ke nan. Shimano na buga haruffa biyu ƙanana: na farko shekara, inda A ke nufin 1976, B 1977, haka har gaba, na biyu wata. Tazarar da ke tsakanin mashigar ƙafar baya ma shaida ce: milimita 120 zamanin giya biyar, 126 zamanin shida da bakwai, 130 na bayan nan.

An turo mini hoto ta WhatsApp, in tura kuɗi?

Sayen kifi a ruwa ke nan. Hoto ba ya nuna karkata, ba ya nuna sandar da ta manne. In nesa ne, kamar Maraɗi ko Tawa, tura wanda ka yarda da shi da zare da maganaɗisu. Ko a gabanka ne ma, ka rubuta takardar saye da shaida, a sa lambar da ke buge a jikin kadar, galibi a ƙasa. Kekunan sata suna yawo.

Girmansa fa? Na ga wani mai kyau amma kamar ya yi mini tsawo.

Auna tsawon ƙafarka daga ƙasa zuwa cinya ta ciki, ka ɗauki kashi biyu cikin uku. Wannan shi ne kusan tsawon bututun sirdin da ya dace da kai, a santimita. Ko ka haye ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa: in bututun sama ya taɓa ka, ba naka ba ne, ko da keken Colnago na Italiya ne irin wanda Merckx ya yi kilomita 49.431 a kai cikin awa ɗaya a birnin Meziko a 1972.

Yanayin Yamai ba ya lalata su?

Ƙarfe kam yana jin daɗinmu, domin bushewar iska ta hana tsatsa. Keken da zai ruɓe a Kwatano nan sai ya shekara lafiya. Abin da ke shan wuya roba ce da fata. Rana na ƙona taya da rufin hannun burki su farfashe, hunturu kuma na busar da sirdin fata irin Brooks ko Idéale har ya tsage. Ajiye keke a inuwa, a rataye. Sirdin fata a shafa masa mai ɗan kaɗan ta ƙasa. In ya yi yawa sai ya saki ya zama kamar faifai.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Man da aka malala a sarƙa yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran da ba za ka samu irinsu a kasuwa ba. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a goge da tsumma har sarƙar ta yi kamar ba mai. Bayan damina kuma a zare sandar sirdi, a kifa keken, ruwan da ya shiga ya fita.

Kai kana hawansu, ko kallo kawai?

Ina hawa. Wanda yake rataye shekara guda ba a taɓa ba, giris ɗinsa daskarewa yake. Nakan fita bayan sallar asuba, kafin ƴan kabu-kabu da taksi su cika titi, in tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda in dawo. A kan gadar ne za ka ji abin da ake biya wa kuɗi: ka taka sau uku, keken ya miƙe shiru, ba abin da kake ji sai ƙarar sarƙa da iskar kogi. Burkin tsohon keke dai ba ya kama kamar na zamani, musamman in robar ta bushe, don haka nake canja ta kafin komai, kuma nake fara rage gudu tun ina hango shataletale. Ƙarfe bakwai da rabi na dawo gida, na goge ƙura, na mayar da shi ƙusarsa.